Dattijon ya tayar min da HP 8640B, amma saitinsa sai a hankali

Da azumi na kai na'urar, sai bayan babbar sallah na karɓo ta, alhali mako biyu muka yi da shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ban faɗa masa ba. Masu harkar tsofaffin kayan rediyo a nan Jos sun san dattijon da nake nufi, wanda ke gyara a wani lungu wajen Dilimi, tsohon ma'aikacin gidan rediyo. Tunda ana ta tambayata ko a kai masa, ga abin da na gani.

Na'urar HP 8640B ce, janareton sigina irin na shekarun 1970. Maƙwabcina da ya ji sunan har ya tambaye ni ko za ta ɗauki firij. Ba wuta take bayarwa ba, siginar rediyo take fitarwa daidai inda ka ce mata, daga kilohaz 500 zuwa megahaz 512, da ita ake gwada kunnen rediyo a ga ko yana ji yadda ya kamata. A gwanjo na same ta, nauyi kamar rabin buhun siminti. Allah ya taimake ni na duba bayanta kafin in jona, don a kan 120 take, wutar Amurka, sai da na mayar da ita 240. Ta kama, lambobi suka fito jajir, amma makunnin canza zango, wato wanda ke zaɓar tsakanin lamba nawa zuwa nawa siginar za ta fita, yana juyawa haka nan kamar murfin kwalbar da ya lalace, babu abin da ke motsi a ciki.

Wannan ciwo sananne ne a jikin wannan samfuri. Akwai 'yan faya-fayan roba masu haƙora a bayan makunnin, an ɗora su a kan ƙarfe. Shekaru na tafiya robar na tsukewa, ƙarfen kuwa yana nan yadda yake, ƙarshe sai ta tsage. Ba laifin kowa ba ne, tsufa ne. Na san da haka, abin da ban da shi shi ne hannun taɓawa.

To a nan ne dattijon ya burge ni, har yanzu in na tuna sai na girgiza kai. Ranar da na kai, bai ɗauki sukundireba ba tukuna. Ya sa yaronsa ya shimfiɗa farar takarda a kan benci, ya kwance murfin ƙasa a hankali, ya karkata na'urar yana ɗan bubbuga gefenta da tafin hannu. Sai ga wani abu ya faɗo, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana ƙyalli. Ya ɗauka da hantsaki ya ɗaga min saitin taga. Ya ce, "Ɗana, ka ga wannan? Da ka hura mata iska da bulowa a gida, da shi ke nan, sai dai ka mayar da ita kujera." Ashe ɗaya ne daga cikin 'yan yatsun nan masu ruwan zinare da ke manne a jikin faifan makunnin, su ne ke taɓa allon su zaɓi zango. Ya ci gaba da bubbugawa har na biyu ya fito. Ya naɗe su a takardar sigari ya rubuta sunana a kai. Wallahi da ni ne da na share su tare da ƙura.

Faya-fayan da suka tsage kuwa bai watsa musu sufa gulu ba kamar yadda yaran yanzu ke yi. Ya zare ƙarfen tsakiyar, ya ɗan faɗaɗa ramin da zarto siriri don robar ta daina shan matsi, ya haɗe tsagar, sannan ya mayar da ƙarfen da gam mai haɗi biyu. Da na je karɓa ya ce in juya da kaina. Ƙas, ƙas, ƙas, kowane zango yana faɗawa wurinsa. Na biya ban nemi ragi ba, har na ƙara wa yaron na shayi. A cikin keke Napep ina rungume da ita har Anguwan Rogo, ina cewa a raina wannan mutum babu kamarsa a Filato.

Sai dai kuɗin da na biya na gyara ne da saiti, wato a daidaita ta yadda lambar da ta nuna ita ce siginar da take fitarwa, shi ya faɗa da bakinsa, har ya manna 'yar takarda a gaba ya sa kwanan wata. Daren ranar na bar ta a kunne awa biyu ta ɗumama, sannan na kamo tashar lokaci ta Rasha, RWM, a kan kilohaz 9996. Akwai mintunan da take sakin sigina zalla ba ƙwanƙwasa, lokacin nake jira. Na kai na'urar kan 9996 ɗin daidai yadda lambobinta suka nuna, na ɗan kusanto da waya kusa da eriya. In saiti ya yi, sautin biyun za su haɗe su yi shiru, ko ka ji suna numfashi a hankali. Ni kuwa gurnani na ji, wuuu, kamar tiransifoma. Sai da na matsa kusan haz 150 kafin ya lafa. Wani zai ce mene ne haz 150? A megahaz 10 ke nan. Kuskuren yana girma tare da lamba, in ka hau megahaz 145 ya wuce kilohaz 2, kuma duk rediyon da na saita da ita zai gaji wannan karkatar.

Washegari na koma. Na ce, "Baba, da me aka yi saitin?" Ya nuna min wani tsohon ma'aunin sigina da ke kan kantar shagon, wai tun yana aiki yake tare da shi, bai taɓa ba shi kunya ba. Na ce shi kuma wa ya auna shi? Sai ya ɓata rai, ya ce ai sanyin Jos ne ke motsa kiristal, ɗan dutsen nan na ciki da na'urar ke dogara da shi wajen ƙirga lambar sigina. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, zafi da sanyi na taɓa kiristal, shi ya sa ake barin na'ura ta ɗumama. Amma yaronsa ya riga ya faɗa min a waje cewa ana kawo wuta suka kunna suka murɗa, don kada a sake ɗaukewa. Ka auna hatsi da mudun da ya lotse, kuma cikin gaggawa, sannan ka manna takarda. Takardar nan ita ta fi ɓata min rai. Da ya ce min gyara kawai zai iya, da mun rabu lafiya.

Kuma tunda an zo nan, makunnin ƙarfin sigina da na kai ba shi ne ya dawo ba. Wani baƙi ne na tsohuwar rediyo, ya fi sauran girma, kullum in na kalli fuskar na'urar shi nake fara gani. Na tambaya, aka ce a bari za a duba cikin gwangwani. Sau uku ina komawa ana duba gwangwani. Ga wata ukun da na yi ina sintiri, kowane zuwa a ce jibi.

Saitin ni na ƙarasa shi a ɗakina, dare biyu ina fama da ɗan sukundireban roba ina sauraron Rasha, mai ɗakina tana tambaya ko ƙudan zuma ne suka shigo. Ƙarfin siginar kuma ban taɓa ba, sai na samu aron ma'aunin da na yarda da shi. Ina da wani tsohon osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, da makunninsa ya ƙage, kuma duk da haushin nan shi zan kai wa, don ban san wani mai hannunsa ba. Amma zan cire makunnan gaba in zuba a aljihu kafin in bar gida, kuma zan ce masa, Baba, don Allah kada a murɗa komai.