Koren amai bayan aikin ƙashin baya

Wallahi ranar da likitan nan na Ingila ya zaunar da mu kafin a yi wa autata aikin ƙashin baya, saura kaɗan in tashi in bar masa ofishin. Yarinya 'yar shekara 13 na zaune, bayanta ya karkace har digiri 55, za a sa mata ƙarafa biyu da sukurori, shi kuma yana ta lissafo mana shanyewar ƙafa, ruɓar ciwo, yoyon ruwan laka, a gabanta fa! Na ce a raina wannan wane irin mugun baki ne, a gida ai sai dai a ce miki Hajiya ki yi addu'a kawai, ki sa hannu.

To aiki ya yi kyau, har tsawo ta ƙara. Sati guda da sallama sai amai, kore shar, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Babanta ya ce shawara ce, Inna ta bugo daga Zariya wai a jiƙa mata tsamiya. Ni kuwa sai na tuna takardar da likitan ya ba mu ranar nan, wadda na yi fushi da ita, akwai koren amai a ciki, an ce kar a kwana da shi. Awa biyar muna zaman jira a imajensi, kujera kamar dutse, ga shayin injin nan mara daɗi.

Ashe da aka miƙar da bayan, wata jijiyar jini ce ta ɗame ta danne hanjin da ke fita daga tumbi, abinci ya rasa hanya. Ba kasafai yake faruwa ba, ya fi kama sirara marasa kitse, irin tawa kenan. Suka zura mata roba ta hanci suka zuƙe cikin, ana ba ta abinci ta wata robar, ta riƙa kwanciya ta gefen hagu, wai babban maganin shi ne ta yi ƙiba.

Ƙiba fa! Nan na fashe da kuka ni kaɗai a ɗakin, mutum ɗaya suke bari ya kwana, babu mai shigowa da fulas ɗin kunun gyaɗa, babu farfesu, babu ko sannu da jiki. Da a gida ne gwaggonninta za su cika ɗakin da kwanuka, amma kuma su ɗin ne za su yi ta ɗura mata fura tana amayarwa, ana cewa iska ce.

Yanzu kam tana cin tuwo. Dan Allah duk mai tahowa ya riƙo min kuka da daddawa.