Kafson man kifi na omega-3: wata takwas ina ba Baba

Ranar da Baba ya dubi ƙanwata tana yanke masa farce ya ce min, "Wannan 'yar waye?", ranar na sayo kwalbar farko. Kafson man kifi ne, guda 120 a ciki, an zana hoton ƙwaƙwalwa a jiki, an rubuta cewa yana ƙarfafa tunani. Hankalina a tashe yake. Ko me aka ce min yana tare mantuwa, da na saya.

Kafson manya ne, sai Baba ya kora da ruwa sau biyu kafin ɗaya ya wuce. Makon farko gyatsa mai ƙarni ta dame shi har ya fara kawar da kai in ya gan ni da kwalbar. Da na koma ajiyewa a firji, ina ba shi a tsakiyar cin abinci, abin ya yi sauƙi. Kwalba ta biyu kuwa zubar da ita na yi. Na huda guda ɗaya da allura, warin da ya fito na man da ya lalace ne, alhali kwanan watan da ke jiki bai wuce ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne rubutun. A gaba an sa miligiram 1000 da manyan baƙaƙe. Sai ka juya baya ka ga EPA miligiram 180, DHA 120, su ne nau'o'i biyu na maiƙon omega-3 da ake shan man kifi dominsu. Wato kashi 30 cikin ɗari ne kawai abin da ka je nema, kuma DHA ɗin, wanda shi ne ya fi yawa a ƙwaƙwalwa cikin dangin omega-3, shi ne ƙarami.

Dare da yawa na kwana ina karatu a kan wannan. Maganar kifi da ƙwaƙwalwa tana da tushe. A 2003 wani bincike a Chicago ta Amurka, wanda ya bi tsofaffi 815, ya gano masu cin kifi aƙalla sau ɗaya a mako haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ta Alzheimer ya ragu da kusan kashi 60. A 2006 wani bincike a garin Framingham na Amurka ya nuna waɗanda DHA ya fi yawa a jininsu sun fi tsira daga cutar mantuwa. Amma waɗannan mutane ne da aka zuba wa ido ana kallon yadda suke rayuwa, kuma mai cin kifi a kai a kai sau da yawa sauran abincinsa da kulawarsa da lafiya ma daban suke. Da aka zo gwada kafson kansa, labari ya sauya. A 2010 an raba masu cutar Alzheimer 402 gida biyu, wasu ana ba su giram 2 na DHA kullum har wata 18, wasu kafson da babu DHA a ciki. Cutar ta ci gaba da cin su duka daidai wa daida. Na yi kuka da na karanta wannan. A 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar shan irin waɗannan kafso don rigakafin cutar mantuwa.

Likitan Baba bai hana ba, sai dai ya fara tambaya ko yana shan maganin tsinka jini, ya kuma gargaɗe ni kada in ƙara yawa, domin shan mai yawa kan jawo bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba. Ya fi mayar da hankali ga hawan jinin Baba da kunnensa da ya yi nauyi.

Wata takwas, ban ga canji ba. Wanda ba ya cin kifi ko kaɗan zai iya samun amfani a kafson, in ya duba bayan kwalba ya kuma shinshina. Don mantuwa dai ba zan ƙara saye ba. Yanzu sau biyu a mako nake gasa masa kifi mai maiƙo, sardin ko makarel, in zauna in cire masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Jiya ya cinye tas, ya turo min farantin, ya kira ni da sunan mahaifiyata.