Ƙarin RAM ko gyaran makro, wanne ke maganin "Mémoire insuffisante"?

Salam Malam, na ga tambayarka. Ka ce fayil ɗin Excel da kake lissafin kayan shagonku na Kasuwar Dole da shi, da ka tada makro, wato ɗan shirin nan na cikin Excel mai yi maka aiki da kansa, sai ya tsaya cak ya rubuto Erreur 7, Mémoire insuffisante, wani sa'in ma ya rufe kansa ɗungurungum, kuma mai gyara ya ce ka ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da mashin ke aiki da ita. To kafin ka fidda jikkunanka bari in aza maka su biyun kusa da juna.

Ƙarin RAM yana da amfani in mashin ɗin ce da kanta ta shaƙe, kamar 4 Go gare ka kuma ga Chrome buɗe ga WhatsApp ga Excel duk lokaci guda. Danna Ctrl+Maj+Échap sa'ad da makro ke aiki, Gestionnaire des tâches zai buɗe, ka ga ko RAM ɗin ta cika. Amma in Excel ɗinka 32 bits ne akwai iyakar da ba ya wucewa, tsofaffin Excel 2 Go, na baya-bayan nan 4 Go a kan Windows 64 bits, ko 16 Go ka zuba shi dai ɗan tulunsa zai cika ko da rijiya na tumbatsa. Shiga Fichier, Compte, À propos d'Excel, nan aka rubuta ko 32 ne ko 64. In 32 ne komawa 64 ya fi sayen RAM, sai dai tsohon makro mai layin da ke ɗauke da kalmar Declare ba zai tashi ba sai an ƙara kalmar PtrSafe bayanta.

Shi kuwa gyaran makro ba ya cin ko dala, lokacinka kawai zai ci, kuma wallahi ni a nan na fi samun ciwon. Ya taɓa faruwa da ni, lissafina bai wuce layi dubu uku ba amma da na danna Ctrl+Fin sai ga ni a layi na 1,048,576, ƙarshen takardar ke nan, ashe wani abokin aiki ne ya ja formule har ƙasa, makro ɗin kuma yana kwashe UsedRange, wato duk wurin da Excel ke ganin an yi amfani da shi a takardar, gaba ɗaya ya ɗora a kansa, fanka na ta ihu cikin zafin nan namu na watan Afrilu ni kuma ina zaton mashin ce ta tsufa. Na share layukan banza, na yi anrejistire, na rufe na buɗe, shi ke nan ya lafa.

Rufewar nan kuma ta farat ɗaya, duba ko kana da Worksheet_Change, makron da ke tashi da kansa duk sa'ad da aka canza wani abu a takardar. In makro ya rubuta cikin wani gida (cellule), rubutun ya sake tada shi, ya sake rubutawa, haka zai yi ta kiran kansa har ya ba da Erreur 28 ko Excel ya faɗi. Wannan ko RAM nawa ka saya ba ya jin magani. Ka sa Application.EnableEvents = False a farkon makron don kar ya sake tada kansa, ka maida True a ƙarshe, kar ka manta da maidawa don Allah. In kuma Erreur 6 ka gani wata magana ce daban, nau'in lamba Integer na cikin makro ba ya wuce 32,767, canza shi zuwa Long mai ɗaukar manyan lambobi.

Ni dai da ni ne kai da gyara zan fara. Kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe tukuna, domin abin da makro ya ɓata Ctrl+Z ba ya maido shi, balle ga ɗaukewar wuta. In tun wajen buɗewa yake faɗuwa riƙe Maj kana buɗewa, makro ba zai tashi da kansa ba, sannan ka bi shi layi-layi da F8.

In saƙon ya sake fitowa danna Débogage, ka ɗauko hoton layin da ya yi rawaya ka turo mu duba tare.