Kambas, ƙwallo ko keken ɗaki: wanne mai juna biyu za ta fara saya?

Ƙanwata ta dawo daga awo da cikinta wata biyar, nas ta ce ta riƙa motsa jiki. Ko hijabi ba ta cire ba ta miƙo min waya da hoton keken ɗaki, wato keken motsa jiki da ake tuƙawa a wuri ɗaya, wai "Yaya, raka ni Wunti mu yi ciniki." Na ce ta zauna tukuna mu san abin da ake nema kafin kuɗi su fita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce mai cikin da ba ta da matsala ta samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato kamar rabin awa sau biyar. Ma'auninsa kuwa baki ne: in kina yi kina iya hira, daidai, in haki ya hana ki ƙarasa magana, kin wuce.

To wannan rabin awar, tafiya ce ta fi saurin cika ta, shi ya sa ni takalmi nake sa wa gaba. Ciki yana sassauta jijiyoyin gaɓoɓi, nauyi kuma ya koma gaba, don haka silifas ɗin roba a kan tsakuwa neman gocewa ne. Ki sayi kambas mai faɗin gaba, wanda ƙasansa ke da zane. Ki je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta ɗan kumbura, ki bar sararin babban yatsan hannu tsakanin yatsunki da bakin takalmin. Na gwanjo ba laifi, amma ki kifa shi ki duba dunduniya. In ta cinye ta gefe guda, ajiye masa kayansa. Mai maɗauri na manne ya fi mai igiya, don a wata takwas sunkuyawa kaɗai aiki ce. Matsalar tafiya a Bauchi ɗaya ce, rana. A Maris da Afrilu sai bayan asuba ko dab da magariba, da gorar ruwa a hannu.

Ƙwallon zama, wato babban ƙwallon roba da ake hura wa iska a zauna a kai, na biye. Ba ya maye gurbin tafiya, amma ga mai ciwon ƙugu yana da daɗi: ki zauna ki riƙa juya ƙugu a hankali, wasu har lokacin naƙuda suna amfani da shi. Mai santimita 65 ya isa yawancin mata, doguwar da ta haura santimita 173 ta ɗauki mai 75. Idan kin zauna, gwiwa ta ɗan yi ƙasa da ƙugu, tafin ƙafa a shimfiɗe. Ki tambayi irin wanda in ya huje yake sacewa sannu a hankali, ba mai fashewa ɗas ba, ki kuma tabbata da famfonsa a kwalin. Kar a ɗora shi kan tayil tsirara, a shimfiɗa darduma, a jingina da bango ranar farko. Yaran gida fa za su mai da shi abin wasa, ki san inda za ki ɓoye.

Keken ɗaki ba shi da aibu, ya fi keken titi aminci tunda babu faɗuwa, kuma ya dace da wadda ba ta cika fita ba. Tsada ce dai, ga cin wuri, ga sirdi da ke takura idan ciki ya tsufa. In za ki saya, mai majingina a baya ya fi. Injin tafiya kuwa, wanda ake takawa a kansa a wuri ɗaya, sai da wuta, kin kuma san halin wutarmu.

Igiyar tsalle, bel ɗin rage tumbi da rigar ledar nan ta fitar da gumi, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa; matse ciki da zafafa jiki su ne ainihin abin da ake gudu. Haka duk atisayen da zai kwantar da ke rigingine na tsawon lokaci bayan wata huɗu, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Kafin ki sayi ko ɗaya, ki faɗa a wurin awo. Mai hawan jinin ciki, wadda mabiyiya ta sauko ƙasa, wadda aka ɗinke wa bakin mahaifa ko mai ƙarancin jini sosai, sai da izinin likita. Kuma da kin ga jini, zubar ruwa, jiri, ciwon ƙirji, kumburin sha-raɓa mai zafi, ko motsin ɗa ya ragu, ki tsaya ki nufi asibiti.

Ƙanwar tawa dai kambas muka saya, lamba ɗaya sama da wadda ta saba. Canjin da ya rage ta ce a ƙara mata dabino da kankana.