Tsohuwar taya mai suna ko sabuwa mai araha? Amsa ga ɗan uwanmu na Jidda

Salam 'yan uwa. Malam da ka yi tambaya jiya, ka ce tayoyin motarka na babban kamfani ne, zanensu bai cinye ba, lambar ƙarshe da ke jikinsu 1819 ce, kuma kana so ka kai iyali ziyara Madina, wai ka bar su ko ka saka sababbi masu araha tunda kuɗin masu tsadar bai samu ba. To bari in jera maka su ka gani da kanka.

Mu fara da taka. Wannan 1819 ɗin da ke bayan haruffan DOT a gefen tayar ma'anarta an ƙera tayar a sati na 18 na shekarar 2019, ka ga ta haura shekara biyar kenan. Masu ƙera taya da kansu suna cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da kyanta, amma wallahi a zafin ƙasar nan ni ba na jiran ko kusa da goma, motar da ke wuni a rana a Jidda ko Makka robar bushewa take yi tun zanen bai je ko'ina ba. Ka tsuguna ka duba gefenta da tsakanin zanen, in ka ga ƙananan tsaga kamar kaushin ƙafa lokacin hunturu to magana ta ƙare, haka in akwai kumburi a gefe, wannan zaren ciki ne ya tsinke kuma babu facin da ke gyara shi.

Sabuwar mai araha ita ma da nata. Ba za ta jima kamar waccan ba, wata tana da ƙara a kan hanya, riƙon birkinta in an yi ruwa ba lallai ya kai na mai tsada ba. Sai dai robarta ɗanya ce, kuma abin da hanyar Madina ke buƙata kenan, sama da kilomita 400 kana zuba 120 a kan kwalta mai zafi ga mota cike da yara da kaya. Ni na taɓa barin tsohuwa saboda zanenta na da kyau, ta baya ta fashe min bayan na wuce garin Rabig a hanyar Madina da azahar, Allah ne kawai ya tsare, har yau in na tuna yadda sitiyari ya ƙwace sai gabana ya faɗi.

Don haka ni dai sabuwar zan ce ka saka, amma ba kowace ba. A banshar, wato shagon taya, kar ka bari a ɗaura sai ka karanta lambar da idonka, wata "sabuwar" ta shekara biyu a ajiye. Ka nemi inda aka rubuta TEMPERATURE, akwai A da B da C, A ce ta fi jure zafi, ita za ka ɗauka. Girman kuma ya zama daidai da na takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

A takardar nan ne ma aka rubuta yawan iska. Mutanenmu da yawa suna rage iska in zafi ya shigo wai kar taya ta fashe, don Allah a daina, ƙarancin iskar ne ke sa gefenta lanƙwasawa ta ɗau zafi ta tarwatse. Ka auna da safe kafin mota ta yi tafiya, har da safaya da kowa ke mantawa da ita a but.

In kuɗin taya biyu kawai ke hannunka a saka su a baya, amma da wannan lambar taka gara ka ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen wata ka canza huɗun gaba ɗaya, a yi maka alaimen da balansin a wurin. Allah ya kai ku lafiya, a yi mana addu'a a Rauda.