Kwas ɗin ESB na kwana biyar: ranar da malami ya zare waya

Kamfanin da nake wa aiki a Kano yana rarraba kayan masarufi ga 'yan kasuwa, kuma manhajoji shida muke amfani da su: ta sito, ta lissafin kuɗi, ta albashi, ta direbobi, ta karɓar oda a waya, da wadda ke kawo bayanan biyan kuɗi daga banki. Kowacce da yarenta. Shekara uku ina ɗinke su da hannu, har ta kai in an taɓa ɗaya sai uku su tsaya cak. Shi ya sa da maigida ya yarda ya biya min kwas ɗin ESB (Enterprise Service Bus, manhajar tsakiya da ke kai saƙo tsakanin sauran manhajoji) a wata cibiya a Abuja, ban yi wata-wata ba.

Ranar farko malamin ya zana manhajoji shida a allo, ya haɗa kowace biyu da layi. Layi 15 suka fito. In sun kai goma, layi 45 ke nan. Sai ya goge, ya ja layi ɗaya a tsakiya, kowacce ta jingina da shi; wannan layin shi ne bas ɗin, wato ESB. Ya kwatanta mana da tashar mota: ka kai kayanka, ɗan kamasho ya san motar da za ta ɗauka da inda za a sauke, ba ruwanka da neman direba. Da wani ESB mai suna Mule muka yi aiki, wanda Ross Mason ya faro a 2003. Sunan ma alfadari yake nufi, dabbar ɗaukar kaya. Salesforce ta sayi kamfanin da ke yin sa, MuleSoft, a 2018. Mun koyi juya saƙon tsohuwar manhaja mai SOAP (tsohuwar hanyar aika saƙo tsakanin manhajoji) daga tsarin rubutu na XML ya koma na JSON da DataWeave, yaren da Mule ke juya bayanai da shi, aikin da a da yake cinye min yini guda.

Amma kuɗin maigida a rana ta huɗu ya fita. Muna cikin tura odar gwaji, malamin ya zagaya bayan teburi ya zare wayar kwamfutar da ke matsayin sito. Babu oda ɗaya da ta ɓace. Muna kallon allo, saƙonni suna taruwa a layin jira na ActiveMQ, manhajar da ke riƙe saƙo har a karɓe shi, adadinsu yana hawa. Da ya mayar da wayar, suka shige ɗaya bayan ɗaya har layin ya koma sifili. Daga nan ya tura saƙon biyan kuɗi guda sau biyu da gangan, lissafi ya ninka. Gabana ya faɗi, don irin wannan ya taɓa samunmu: netwok ya yanke, manhaja ta sake turawa, aka cire buhun sukari hamsin daga lissafin sito sau biyu, aka kwana biyu ana zargin yaran sito da ba su ji ba ba su gani ba. Maganin kuwa ɗan ƙarami ne. Kowane saƙo ya zo da lambarsa, bas ɗin ya riƙe lambobin da ya gani, wanda ya maimaitu a ajiye shi gefe. Wanda ya gagara shiga bayan an yi ta gwadawa kuma, a kai shi wani layi na daban inda mutum zai duba da idonsa.

Akwai inda cibiyar ta gaza. Ba su sanar da mu ƙarfin kwamfutar da ake buƙata ba, rabin rana ta biyu ta tafi wajen girka Anypoint Studio, manhajar da ake tsara aikin Mule a cikinta, a kan kwamfutoci masu ƙaramin RAM. Tsaro rabin awa kawai aka ba shi, alhali kuɗin mutane ne ke bi ta wannan hanya. Kuma ba a taɓo ISO 8583 ba, tsarin da saƙonnin kati da POS suke bi, duk da cewa da yawa a ajin ma'aikatan banki ne.

Na yaba wa malamin da bai ɓoye mana aibin abin da yake koyarwa ba. Ya ce in bas ɗin ya faɗi komai ya faɗi, don haka kada a dogara da sabar guda, kuma mai manhaja biyu ko uku bai buƙace shi ba. Ya kuma nuna mana Apache Camel, manhaja ta kyauta mai irin wannan aiki, ga wanda ba shi da kuɗin lasisi.

Wanda bai san HTTP da XML da ɗan abin da ya shafi Java ba, ya fara da su tukuna, don ajin ba ya jiran kowa. Ni dai tun da na dawo na ɗora sito da oda a kan bas ɗin. Ta banki ce ta gaba, bayan mun rufe lissafin wannan wata.