Mai gyaran inbatar da ya riƙe mini kaya kwana uku

Kemis gare ni a Kano, kuma a firji nake ajiye insulin da wasu allurai waɗanda dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Saboda haka inbatar sola, wato na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wadda firji ke aiki da ita, a wurina ba kayan ƙawa ba ce. A watan Afrilu, da zafi ya kankama, ta tsiro da wani hali: da safe lafiya lau, rana na take wa sai ta yi ƙara ta ɗauke. Sau biyu ina kai ta gyara. Kowa ya jona, ya ga fitila ta kawo, ya ce an gama. Bayan kwana biyu ta koma gidan jiya.

Na ukun wani injiniya ne a Sabon Gari, wata abokiyar sana'a ta yi mini kwatancen shagonsa. Da na gama bayani sai ya ce, "Hajiya, ciwon da zafi ke tayarwa ba a gane shi a inuwa. Ki ba ni kwana uku."

Raina bai so ba, amma na tsaya na ga farkon aikin. Ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ya kunna inbatar, ya riƙa hura iska mai zafi a kan allon kayan wutar da ke cikinta sashe bayan sashe har ta ɗauke a gabana. Ya fesa wa wurin abin sanyaya, ta dawo. Ashe dalma ce ta tsage a ƙarƙashin ƙafar wani ƙarfe, in ta ɗumama sai tsagar ta buɗe. Ya kuma nuna mini kapasito biyu, wato ƙananan kayan da ke tara wuta a kan allon, da suka kumbura. Masu jure digiri 85 ne, ya sa masu 105. Ya ce irin wannan kapasito, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana cinye kusan rabin kwanansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan gyaran. Ya ɗora mata dutsen guga da ƙwayayen lantarki da wani tsohon firji, ya bar ta awa 48 tana ja. Yana kashe firjin yana kunnawa, tunda lokacin tashi ne injinsa ke zuƙar wuta ninki-ninki. Yana ɗaga ƙarfin wutar da ke shiga, yana rage shi, yana ƙwanƙwasa allon da bayan sukundireba ko wani abu zai motsa. Zafin da ya auna duk yana rubuce a littafi, da lokacinsa. A rana ta biyu ɗaya daga cikin sababbin kayan da ya sa ya mutu. Ya ce sabon kaya mai aibi yawanci a awannin farko yake nuna kansa, gara ya mutu a teburinsa da a kemis ɗina.

Kuɗinsa ya kusa ninka na sauran, kuma ba shi da inbatar aro, sai da na kwashi magunguna a kula zuwa gidan yayata. Wayarsa ma sai ka yi ta kira. Na gaya masa ya samu yaro mai amsawa.

Da zan tafi ya tambayi inda na kafe ta. Na ce bangon yamma. Ya ce in sauya mata wuri, in bar mata sarari ta sha iska. Na sauya. Har damina ta sauka ba ta sake ɗaukewa ba.